Na tsinci tsohon kwanson harsashi a gona, na wace bindiga ne? Tambayoyi da amsoshi

Da an fara sharar gona ko ruwan farko ya wanke ƙasa, tambayar nan take dawowa. Wani garma ce ta tono masa, wani yana haƙa rijiya, wani kuma yaransa ne suka shigo dashi gida suna busawa. Yawanci kafin a kawo tambayar ma an riga an haɗa mata labari, wai na yaƙin Turawa ne, wai na zamanin Rabe ne. Toh ga abun da ake yawan tambaya, mu ga inda labarin da ƙarfen suka haɗu da inda suka rabu.

Malam, kafin komai, in ɗauka ko in barshi?

Duba shi daga tsaye tukuna, kar ka kai hannu. In bakinsa a buɗe yake kana hango rami, ba ƙwayar harsashi a kai, kuma tsawonsa bai wuce yatsa ba, wannan fanko ne, an riga an harba shi. In kuwa kan yana nan to harsashi ne mai rai ko da ya shekara 100 a ƙasa, tsatsa bata kashe albarushi yadda mutane suke zato. Wani zai ce ai na ga an sari gindinsa, alamar an harba. A'a, yana yiwuwa an danna kunama ya ƙi tashi sojan ya jefar, irin wannan ma ya fi rashin tabbas.

Duk abun da kaurinsa ya wuce babban yatsa, ko yake da fukafukai a wutsiya, ko zobe, ko waya, ko wani murfi mai murɗawa, wannan ba kwanso bane, ba kuma aikinka bane. Sa alama nesa dashi, kori yara da dabbobi, ka faɗa wa mai unguwa ko dagaci a kira 'yan sanda, suna da sashen masu kwance bam. A Nijar jandarma zaka nema.

In fanko ne, ta ina ake fara ganewa?

Abu uku: gindi, tsawo, sai rubutu. Juya gindin ka gani, ko yana da leɓe da ya fito ya fi jikin faɗi, ko kuma faɗinsa ɗaya da jikin sai dai akwai ɗan kwarmi da ya zagaye shi. Wannan kaɗai ya raba maka su gida biyu. Masu leɓe galibi tsofaffin ƙira ne, masu kwarmi galibi na baya-baya ne, na ce galibi sabida akwai wani mai leɓe da har gobe ana harba shi, zamu zo kansa.

Sai ka sa rula, irin ta 'yan makaranta ma ta isa, ka auna tsawo da milimita. Kaga sunayen nan irin 7.62x39, lamba ta farko faɗin ƙwayar ce ta biyu kuma tsawon kwanson ne, shikenan ba wani boko a ciki. Milimita 39 mai kwarmi, jikin ya ɗan zube yana tsukewa zuwa sama, na AK ne. Milimita 51 mai kwarmi na bindigar FN ne ko G3, irin na NATO. Milimita 45 siriri mai ƙaramin baki 5.56 ne. Milimita 19 gajere miƙaƙƙe ba wuya, na fistol ne. Milimita 56 mai leɓe kuma shi ne .303 na Ingila, wanda tsofaffin 'yan sanda suka daɗe suna rataye da bindigarsa.

Nawa mai leɓe ne, tsawonsa wajen 54 zuwa 56, to na Turawan mulki ne kenan?

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Akwai .303 na Ingila akwai kuma 7.62x54 na Rasha, duka masu leɓe, bambancin tsawonsu kusan milimita 3 ne kawai, in baki ya lotse ma bazaka iya rabawa da rula ba. Na Rashan an ƙirƙire shi tun 1891 amma har yau shi bindigar PKM take ci, wadda sojoji da 'yan bindiga duka suke riƙewa, kaga kenan abun da kake ɗauka na zamanin Lugga yana iya zama na bara. Duba kafaɗa: na Ingila jikinsa ya fi zubewa kafaɗarsa 'yar ƙarama ce, na Rasha ya fi kauri kafaɗarsa a fili take, leɓensa ma ya ɗan fi faɗi, wajen 14.5, na Ingila bai kai 14 ba. Sannan ka kawo maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika. In ya kama to ƙarfe ne aka yi wa fenti ko aka wanke da jan ƙarfe, wannan aikin Rasha ne da Sin da ƙasashen gabashin Turai. Na Ingila tagulla ne, maganaɗisu baya kama shi.

Rubutun gindin fa, ya ake karanta shi?

Wannan shi ne takardar haihuwarsa, kuma shi ya fi komai daɗin bibiya. A na Ingila zaka ga harafin masana'anta, da lambar ƙira, da shekara. R da L da 'yar kibiya a tsakaninsu, masana'antar gwamnati ce ta Woolwich a Landan. K shi ne Kynoch na Birmingham. RG shi ne Radway Green. GB ba sunan ƙasa bane, kamfanin Greenwood da Batley ne na Leeds. DAC daga Kanada, KF daga Kirkee ta Indiya, U daga Afirka ta Kudu, dan a yaƙin duniya duk inda Ingila take da iko an buga mata harsashi. VII ɗin da ake yawan gani lambar ƙira ce, wato ƙira ta 7, wadda ta fito a 1910, daga wajen 1945 kuma suka daina rubuta ta da lambar Rumawa suka koma 7 kawai. In ka ga Z a gefenta, nau'in albarushin ne ya bambanta da wanda aka saba.

Na ƙasashen gabas galibi ba haruffa, lamba biyu ce, ta sama masana'anta ta ƙasa shekara. 539 Tula, 3 Ulyanovsk, 17 Barnaul, 188 Novosibirsk, 270 Lugansk, 60 Frunze wadda yanzu ake kira Bishkek, 10 Bulgeriya, 61 da 71 na Sin. Ka lura da kyau dan Allah, mutum sai ya ga 60 ya ce 1960, ko ya ga 17 ya ce 2017, alhali lambar masana'anta ya karanta, shekarar tana ɗaya gefen. Zagaye da gicciye a ciki alamar NATO ce, ba ruwanta da coci, an sha tambayar wannan. FN na Beljiyam ne, POF na Pakistan, OFN kuma namu ne na gida, na masana'antar makamai ta Kaduna da aka kafa a 1964 da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma.

Wani kuma zaka ga rubutun Larabci da lambobin Larabci, Masar ta buga irinsa da yawa. Nan duk wanda ya yi allo ya fi ɗan boko saurin karantawa.

A kusa da Burmi aka samo nawa, an rubuta K 1941 VII. Tsofaffi sun ce na yaƙin Sarkin Musulmi Attahiru ne.

Allah Ya ƙara wa tsofaffi lafiya, amma ƙarfen ya ƙaryata. Yaƙin Burmi na ƙarshe 27 ga Yuli 1903 aka yi shi, naka kuwa Kynoch ya buga shi a 1941, shekara 38 bayan an gama. Ko ba shekarar ma, VII ɗin kaɗai ya isa hujja tunda ƙirar bata fito ba sai 1910. Haka in an ce maka na cin Kano ne a Fabrairun 1903, ko na Giginya a Sakkwato ranar 15 ga Maris na shekarar, ko na Satiru da Haɗeja a 1906. Harsashin .303 da aka buga a Ingila a waɗannan shekarun ba a buga masa shekara ma sam, sai bayan nan aka fara, abun da zaka gani harafin masana'anta ne da C, alamar albarushin kodayit, da ƙaramar lambar ƙira irin II. Toh in ka samu mai C da II ba shekara, a wurin da tarihi ya tabbatar an gwabza, nan ne zaka gyara zama.

Kuma ko shekarar ta dace, ranar bugawa take faɗa maka ba ranar harbi ba. Harsashi yana shekara 20, 30 a sito kafin a fito dashi. Na 1941 ɗin nan yana iya zama atisayen soja ne kafin a tafi yaƙin ƙasar Bama, yana iya zama ɗan sanda ne a shekarun 1960, yana iya zama mafarauci. Abun da zaka iya rantsuwa a kai ɗaya ne, ba a harba shi kafin 1941 ba.

Nawa ƙato ne, baki wajen milimita 11 ko 12, jikin kamar an naɗe shi da hannu, gindin ya yi tsatsa amma jikin bai yi ba.

Kai, ka yi tsintuwa. Wannan siffar harsashin Martini-Henry ce, bindigar da Ingila ta ɗauka a 1871. Na farko-farkon ba a zuba su a dunƙule ba, siririn fallen tagulla ake naɗewa a liƙa masa faifan baƙin ƙarfe a gindi, shi ya sa gindin yake tsatsa jikin kuma yake lotsewa yana yamutsewa. Tsawonsa wajen 59, yana da wuya da kafaɗa, leɓen wajen 19. In kuma naɗaɗɗe ne amma miƙaƙƙe ba wuya, bakin ya kai 14 da ɗoriya, to Snider ne, yayan Martini, irin wanda dakarun kamfanin Neja na Turawan Ingila suka riƙe lokacin da suka ci Bida da Ilorin a 1897. Irin waɗannan bindigogin sun shigo hannun sarakuna da fatake ma ta hanyar ciniki, dan haka ganinsa baya nufin lallai Bature ne ya harba.

Akwai 'yan uwan Martini biyu masu baki 11 da ake rikitawa dashi, su dai zubabbu ne ba naɗi. Gras na Faransa na 1874, tsawo 59, leɓe wajen 17. Mauser na Jamus na 1871, tsawo 60, leɓe wajen 15. Leɓen zaka auna, tsawon bazai raba maka gardama ba.

Ni a Nijar nake, wajen Damagaram. Namu daban ne?

Daban ne, ku Faransa ce. Banda Gras akwai Lebel na 1886, wanda shi ne harsashin soja na farko a duniya da ya yi aiki da albarushi mara hayaƙi. Shi baya ɓuya, gajere ne mai ƙiba, tsawo wajen 50, gindi faffaɗa leɓe 16, ya tsuke sosai zuwa baki mai milimita 8. Waɗannan biyun su ne na zamanin da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya bi ta Lugu da Birnin Ƙonni a 1899 yana ƙone garuruwa, da shigar ayarin Zinder a shekarar. Faransawa suna raba gindin gida-gida, su sa haruffan masana'anta irin VE na Valence, TE na Toulouse, TS na Tarbes, RS na Rennes, sai lamba ɗaya daga 1 zuwa 4 wadda take nuna wane wata uku ne na shekara, sai shekarar. Daga baya suka koma 7.5x54 mai kwarmi na bindigar MAS, shi ne har bayan samun 'yancin kai a 1960. Can arewa wajen Agadas da Abzin kuma ana iya cin karo da siririn 6.5x52 na Italiya, dan mutanen Kawusan, jagoran Abzinawa, da suka yi wa Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917 sun zo da makaman da aka ƙwace wa Italiyawa a Libiya.

'Yan uwa na arewacin Kamaru ku kuma kuna da na Jamus. An gwabza a Garwa har ta faɗi a Yunin 1915, a dutsen Mora kuma Jamusawa suka riƙe tun 1914 basu miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916, kuma Ingila da Faransa ne suka taru a kansu, kaga wuri ɗaya zai iya baka kwanson ƙasa uku.

Akwai wasu layuka baƙaƙe a tsaye a jikinsa, ado ne?

Ba ado bane, sawun bindiga ne. G3 cikin ɗakin harsashinta akwai tsaga-tsaga, in ta harba sai ta bar wa kwanson zane a tsaye zagaye da jiki. Da ka ga 51 mai wannan zanen kusan ka gama sanin wacce ta tofar dashi, FN bata yin haka. Haka ma ɗan idon nan na tsakiyar gindi inda allura take sara: a .303, in saran zagaye ne bindigar kafaɗa ce, in dogo ne kamar an danna da bakin sukundireba to mashinga Bren ce.

Bakin nawa a tsuke yake, an murtuke shi kamar tauraro.

Na atisaye ne, ƙara kawai yake ba ƙwaya. Ana samunsu birjik a dajin da soja suke horo. In bakin ya buɗe an harba, in yana rufe ruf akwai albarushi a ciki, a barshi.

Ba ido a tsakiyar gindin ma gaba ɗaya, ko kuma wani ɗan ƙusa ne ya fito ta gefe.

Ƙarami mara ido, da ɗan sara a gefen leɓe, .22 ne na harbin tsuntsu da zomo. Mai ƙusa a gefe kuma tsohuwar ƙirar Faransa ce ta Lefaucheux tun shekarun 1830, ƙusar ita guduma take doka, in cikinsa a cike yake faɗuwa ƙasa kaɗai tana iya tayar dashi. In gindin tagulla ka samu shi kaɗai, faffaɗa, an rubuta 12 a kai, na bindigar farauta ne mai bakin nan faffaɗa, jikin takarda ne ko roba ya ruɓe ya bar gindin. Gwangwanin alminiyom mai faɗin kusan milimita 38 da ake tsinta a gari bayan an yi zanga-zanga kuwa na barkonon tsohuwa ne. Bindigar toka ta maharba ita bata da kwanso sam, ta baki ake ɗura ta, dan haka kar wani ya ce maka na adakar kakansa ne.

Ya yi kore shar, hakan na nufin ya tsufa sosai?

Ƙasa ce take yanke wannan ba shekaru ba. A fadama mai damshi tagulla tana yin kore cikin 'yan damina kaɗan, a rairayin Sahara kuma sai ka ga na 1916 ya yi baƙi-baƙi sumul rubutunsa raɗau. Na ƙarfe irin na AK kuwa nan da nan yake cinyewa, sai ya yi kama da abun shekara ɗari alhali jiya-jiya ne. In wuyan ya tsage a tsaye ma ba lallai harbi bane, fitsarin dabbobi yana fasa tagulla, sojan Ingila a Indiya suka fara gane haka da suka ajiye harsasai a bargar dawaki lokacin damina, dan haka wanda aka tono a tsohon garke ko turke sai ka ganshi a tsattsage. Wani sa'in tsohon .303 mai rai yakan ruɓe ya fashe ka ga wasu sirara launin ƙasa-ƙasa kamar taliya sun leƙo, wannan kodayit ne, har yanzu yana ci da wuta, kar a bari yaro ya kai shi murhu.

Da me zan wanke in ga rubutun?

Banda ruwan batir, banda samfefa, banda goga shi a dutse, rubutun ba zurfi gareshi ba kana gogawa ya tafi. Ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa. In ya bushe ka shafa alli a gindin ka share da yatsa, farin zai zauna cikin haruffan, ko ka haska tocilar waya daga gefe a kwance ba daga sama ba, inuwa zata fito maka dasu. Leƙa cikinsa ma da tocilar: ƙananan huji biyu a ƙasa tsarin Berdan ne, na yawancin harsasan soja na Turai da Rasha da Sin, huji ɗaya a tsakiya tsarin Boxer ne, na Amurka da na 'yan kasuwa. Abun dariyar, Berdan ɗin Ba'amurke ne Boxer kuma Baturen Ingila, kowa ƙasarsa ta bar nasa ta ɗauki na ɗayan.

Ni dai shawarata ma ka yi duk wannan da hoto a inda yake: ɗaya na gindi, ɗaya na gefe da rula ko biro a kusa, ka kuma rubuta wurin. Rabin darajar abun a wurin da aka same shi take, guda 40 a tare bayan wani dutse suna nuna inda mutum ya kwanta yana harbi, in aka kwashe aka zuba a gwangwani wannan bayanin ya tafi.

Laifi ne in ajiye shi a gida?

A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 da ta fassara harsashi ta haɗa har da sassansa, kwanso kuwa sashe ne. Banda doka ma, ka san halin da ake ciki a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno, a tare ka a shinge a ga kwanson AK a aljihunka, kafin ka gama bayanin kai mai son tarihi ne ka kwana a bayan kanta. Kuma in sabo ne yana ƙyalli, wataƙila shaida ce ta wani abu da ya faru a wurin, ɗaukewa ɓata bincike ne. In ka tabbata tsohon gaske ne irin Martini ko Gras, a bi ta hannun mai gari a sanar da hukuma, sannan a tuntuɓi masu adana kayan tarihi, Gidan Makama a Kano, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.

'Yan jari bola sun ce zasu saya, nawa ne kuɗinsa?

A kilo zasu auna maka, kwanso ɗaya kuwa giram 10 ne da 'yan kai, kuɗinsa ko shayi bazai saya ba. Matsalar ma ba arahar bace. Fanko da mai rai suna shiga buhu ɗaya, a kai wa maƙeri ko mai narka tukunya ya zuba a wuta, ko yaro ya sa guduma zai raba tagulla da ƙarfe, an rasa yatsu da idanu da rayuka ta wannan hanyar, kuma a Borno har gwamnati ta hana sana'ar tsintar ƙarafa a 2023 sabida yadda masu shiga daji nemansu suke hallaka. In buhun yaranka ne ka zazzage shi a fili da rana ka duba da ido, duk wanda kansa yake nan ko bakinsa a rufe, kar a sake taɓa shi, a kira waɗanda aikinsu ne su zo su ɗauka.